Duban wata da taurari: wane madubi za a aiko gida, kuma yaya za mu yi da hazo da gajimare?

Duk shekara in watan Sha'aban ya raba tsaka, tambayoyi iri biyu ke shigo mana. Ƴan'uwanmu da ke biɗa a Abijan, Legas, Kwatano, Aljeriya da Libiya suna cewa: "Ina so in sayi madubin hangen nesa in aiko gida saboda duban wata, wane iri ya kamata?" Mutanen ƙauyuka kuma, daga Bangi har Ibohamane, tasu tambayar ita ce: "Shin madubin nan yana ratsa hazo?"

Bari mu fara da ta biyu, don amsarta gajera ce: a'a. Babu madubin da ake sayarwa a kasuwa da ke ratsa hazo ko gajimare. Ta farkon kuwa tana son zama, domin kuɗi ne na gumi. Mun san wani gida da ɗansu ya aiko musu da dogon madubi daga bakin teku, a jikin kwalin an rubuta wai yana kusanto da abu sau 600. Aka taru aka kafa shi, ƙafafunsa na rawa kamar ɗan akuya sabon haihuwa, aka yi ta lalube har wata ya faɗi ba a same shi ba. Yau yana ƙarƙashin gado, ƙura ta rufe shi. Kuɗin nan da hatsi aka saya da an ci wata biyu.

Don kada a sake irin wannan cinikin biri a sama muka tattaro wannan bayani.

Arzikin da muke da shi: duhu

A manyan biranen duniya, masu sha'awar taurari sai sun yi tafiyar awoyi a mota kafin su sami wurin da fitilu ba su kashe sama ba. Mu kuwa a Adar, fita bayan gari kaɗai ya isa. A kan duwatsun Keita da Garhanga, ko fakon da ke saman kwarin Majiya, daren da babu farin wata za ka ga farar hanyar nan ta taurari ta ratsa sama kamar an watsa gari.

Mazauninmu ma ya taimaka. Madawa, Buza da Keita suna wajen daraja 14 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Shi ya sa muke ganin tauraron arewa, wanda ba ya gusawa, ƙasa-ƙasa a sama, kuma a daren Afrilu da Mayu muna hango taurari huɗun nan na kudu masu siffar gicciye, waɗanda mutumin Faransa ba ya gani daga ƙasarsa.

Kuma ba baƙon ilimi ba ne gare mu. Tsofaffinmu sun san Kaza da Ƴaƴanta, wadda malamai ke kira Surayya: tana ɓuya cikin hasken rana wajen Mayu, ta sake ɓullowa da asuba a Yuni, lokacin da hankalin kowa ke kan shuka. Malamai na lissafa shekara da taurari 28, kowane kwana 13, ɗaya na da 14, ya tashi 365. Manomi na jin ana cewa an shiga Zira'a, ko Nasara, ko Ɗarfa. Maƙwabtanmu Buzaye na kiran Kaza da sunan Shat Ahad, wato ƴan matan dare, ga kuma Amanar, jagoran ayari. Gamzaki na asuba da Zara ta yamma kuwa abu ɗaya ne: duniya ce kamar tamu mai zagaya rana, wani lokaci ta riga rana fitowa, wani lokaci ta biyo ta faɗuwa.

To, wanda ya san waɗannan ya riga ya yi rabin karatu. Madubi ƙari ne kawai.

Me ya sa jinjirin wata ke da wuyar gani?

Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake aro. Daga haihuwarsa zuwa wata haihuwar kwana 29 ne da awa 12 da minti 44, shi ya sa wani watan ke yin 29, wani 30. A lokacin haihuwa yana tsakaninmu da rana, gefensa mai duhu ne ke fuskantarmu. Daga nan yake ja da baya daga rana a hankali, kimanin daraja 12 a yini.

Yaya ake auna daraja ba tare da na'ura ba? Ido ba mudu ba, ya san kima. Miƙa hannunka gaba sosai, ka dunƙule shi: faɗin dunƙulen nan daraja 10 ne, ko kusa da haka. Yatsa ɗaya kuma tsakanin 1 da 2.

Wani masanin taurari Bafaranshe, André Danjon, ya gano a shekarun 1930 cewa in tazarar wata da rana ba ta kai wajen daraja 7 ba, zaren hasken ya yi siriri har ido ba ya kama shi. Mafi ƙarancin shekarun jinjirin da masana suka tabbatar an gani da ido zalla shi ne awa 15 da minti 32 bayan haihuwa, Stephen O'Meara ne ya gan shi a watan Mayun 1990. Da babban madubi kuma, Mohsen Mirsaeed ya gan shi a Iran yana da awa 11 da minti 40, ranar 7 ga Satumban 2002. Waɗannan gwanaye ne, a sama mai tsabta. Ga talaka irinmu, sai wata ya kai awa 20 ko fiye sannan ake ganinsa ba da wahala ba.

Daga nan za mu fahimci abubuwa biyu da ke jawo gardama a majalisa. Na farko, in ba a ga wata ranar 29 ba, kashegari ya ƙara awa 24, yana iya kaiwa awa 40. Sai ya fito da kauri, ya daɗe bai faɗi ba, mutane su ce "ai wannan ɗan kwana biyu ne, an ci mana azumi". Ba lalle ba ne. Kaurinsa kaɗai ba hujja ba ce cewa ana iya ganinsa jiya. Na biyu, rana na faɗuwa a Makka fiye da awa biyu kafin ta faɗi a nan, a Dakar kuma bayanmu. Duk wanda ke yamma, watansa ya fi girma lokacin magariba. Saboda haka ana iya rasa shi a gabas a gan shi a yamma cikin dare ɗaya, ba wanda ya yi ƙarya.

Wane kaya ya kamata a saya?

Shawararmu ga mai son aikowa: madubi mai ido biyu, wanda ƴan boko ke kira jumel. A jikinsa za ku ga lambobi biyu, misali 7x50 ko 10x50. Ta farko tana nufin sau nawa yake kusanto da abu. Ta biyu faɗin gilashin gaba ne a milimita, kuma ita ce mai muhimmanci, don gilashin nan kamar bakin ƙwarya yake a ƙarƙashin indararo: iya faɗinsa, iya hasken da yake tarawa. Ƙwayar idon mutum a duhu ba ta wuce milimita 7, saboda haka gilashi mai 50 na tara hasken da ya ninka na ido kusan sau 50.

7x50 ko 10x50 sun isa. Suna nuna fili mai faɗi, wajen daraja 6 ko 7, ka share yamma da su cikin ɗan lokaci. Wanda ya wuce sau 10 ko 12, hannu ba ya iya riƙe shi ba rawa. A guji masu jan gilashi mai ƙyalli, da waɗanda ake murɗawa su tashi daga 10 zuwa 90. Ado ne ya fi yawa a cikinsu. Kafin ka biya, ka duba wani abu mai nisa da idanu biyu. In ka ga abu ya rabu biyu, ko kanka ya fara sarawa, ajiye musu kayansu.

Da jumel ɗin nan, ban da jinjirin wata, za ka ga ramukan da ke jikin wata, ka ga Kaza ba ƴaƴa shida gare ta ba, gommai ne. In ka dafa shi da kyau ka duba Mushtari, za ka ga ƴan ɗigo a jere kusa da ita: watanninta ne guda huɗu, waɗanda Galileo ya fara gani a Italiya a 1610 da madubin da bai kai na kasuwar yau kyau ba.

Dogon madubi mai ido ɗaya, wato teleskop, na wanda ya riga ya saba ne, ko na makaranta. In za a saya, kada a bi lambar da ke kan kwali. Ƙa'idar ita ce, kusantowa mai amfani ba ta wuce ninki biyu na faɗin gilashin: mai milimita 70 iyakarsa sau 140, abin da ya wuce nan dishi-dishi ne. A duba ƙafafu fiye da komai, don madubi mai kyau a kan ƙafa mai rawa aikin banza ne. Irin da ya fi dacewa da ƙauye shi ne wanda ake kira Dobson, sunan wani Ba'amurke, John Dobson, da ya yaɗa shi don talakawa: bututu ne mai faɗi zaune a kan akwatin katako, ba batir, ba waya, da hannu ake juya shi. Da irinsa ana ganin zoben da ya kewaye Zuhal. Amma ku sani, wajen neman jinjiri teleskop ya fi jumel wuya, domin ɗan ƙaramin fili yake nunawa, kamar mai neman allura ta cikin kara.

Abu na uku waya ce. Akwai manhajar Stellarium, wadda wani Bafaranshe, Fabien Chéreau, ya fara a 2001. Akwai ta kyauta, kuma da zarar an saukar da ita tana aiki ba intanet. Ka sa mata garinku da ranar, ta nuna maka inda wata zai tsaya da lokacin faɗuwarsa. Wannan ya fi kowane madubi rage wahala, don wanda ya san inda zai duba ya fi mai lalube.

Yadda ake shirya wuri

A zaɓi wurin tun kwana biyu ko uku kafin ranar. Ana son tudu wanda yammacinsa ke buɗe, ba itace, ba dutse, ba hayaƙin girki ko ƙurar garke mai komowa. Wanda ke cikin kwarin Tarka ko na Majiya ya hau sama, don ƙura da hayaƙi a kwari suke kwanciya da yamma. A tsaya a ga daidai inda rana ke faɗuwa, a sa alama da dutse ko sanda. Jinjiri ba ya nisa da nan: sama da wurin kaɗan, ɗan dama ko ɗan hagu, yawanci bai wuce dunƙule ɗaya ko ɗaya da rabi ba.

Jumel na son madafa. In babu ƙafa uku ta kanti, a kafa gwafa a ɗora shi, ko a kifa turmi a dafa gwiwar hannu, ko a jingina da katanga. Ƙaramin buhu da aka cika da yashi ko gero yana riƙe madubi da waya ɗaram. A daidaita ganin tun da sauran haske, a kan wani itace mai nisa, kada a sake taɓawa.

Lokacin duba gajere ne. A nan rana a tsaye take faɗuwa, duhu na saurin shiga. Daga minti 15 zuwa 30 bayan faɗuwarta ne ake fi samun sa'a: kafin nan haske ya yi yawa, bayan nan wata ya nutse cikin ƙurar ƙasa. Kun ga ke nan lokacin ya haɗu da magariba, kuma alƙiblarmu gabas take, mun ba yamma baya. Abin da ya fi sauƙi, a tafi da buta da tabarma a yi salla nan wurin, ana sallamewa a juya.

A je a ƙungiya, da tsofaffin da suka saba da yara masu kaifin ido. Wanda ya gani kada ya yi ihu, ya nuna wa na kusa da shi, shi ma ya gani da kansa. Abubuwa da dama na ruɗin ido: siririn gajimare da rana ta haska, farin layin da jirgin sama ya bari, har da Zara, wadda a cikin madubi wani lokaci takan fito da siffar ƙaramin lauje.

Sai maganar zaman lafiya. Yanayin da ake ciki, musamman wajen iyaka, ba na fita daji da dare da madubi ba ne ba tare da an sani ba. A shaida wa mai gari da liman, kada a yi nisa da gari, kada a haska wa kowa fitila. A sa takalmi saboda kunama da maciji.

Ɗaukar hoto da waya

Ga taurari, sirrin ɗaya ne: waya ta zauna ba motsi. A jingina ta da buhun yashi, a kashe filashi, a shiga wurin da aka rubuta Pro ko yanayin dare. A sa ISO tsakanin 1600 da 3200, a bar idon kyamara a buɗe sakan 10 zuwa 15, a kai saitin nisa ƙarshe. A sa ta jira sakan 3 ko 5 kafin ta ɗauka, don taɓawar yatsa kaɗai na ɓata hoto. In an wuce sakan 20, taurari za su fara jan wutsiya, domin duniya na juyawa daraja 15 kowace awa. A zaɓi daren da ba farin wata. Ido kuma na bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma duban fuskar waya sau ɗaya na mayar da shi baya. A rage haskenta, tocila kuma a ɗaure mata jar leda.

Ga jinjirin wata ba a bukatar dogon buɗewa, don akwai sauran haske. A kafa jumel ɗaram, a kawo idon waya daidai bakin inda ake sa ido, a taɓa wata a fuskar waya, a rage haske. Jawo hoto da yatsu biyu ba ya ƙara komai, yana kumbura shi ne kawai. A tafi da waya cike da caji.

Hazo daban, gajimare daban

Hazo ƙura ce. Mafi yawanta daga hamada take tasowa, musamman kwarin Bodele a arewacin Cadi, tsohon gindin tafki da ya ƙafe, wanda masana ke lissafawa a matsayin wurin da ya fi ko'ina tada ƙura a duniya. Iskar arewa maso gabas ke kwaso ta daga Nuwamba zuwa Maris. Abin da ya sa ta fi cutar mai duban wata shi ne, in ka dubi tsakiyar sama, iska kaɗan ce tsakaninka da tauraro. In ka dubi daraja 10 daga ƙasa, hasken na ratsa ninki biyar ko shida. A daraja 5 kuwa, kusan ninki goma. Jinjiri kuma can ƙasan yake zama. Shi ya sa a hunturu za ka ga Kaza a kanka garau, amma yamma ta toshe.

Ga gwaji mai sauƙi. In rana ta dushe ta ɓace tun da sauran dunƙule ɗaya kafin ta kai ƙasa, to abin da ya haɗiye rana ba zai bar jinjiri ba. In kuwa ta kai ƙasa jawur da ita, akwai fata.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Shekarar Musulunci kwana 354 ce, tana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Daga 2010 zuwa 2013 azumi na kamawa a Yuli da Agusta, gajimare ne abokin gardama. A 2025 ya kama a farkon Maris, a 2026 a Fabrairu, a 2030 kuwa sau biyu zai kama, a Janairu da ƙarshen Disamba. Wato shekarun nan duka, da hazo za mu yi ta fama wajen watan azumi.

Gajimaren damina kuwa yana da sauƙi ta wani gefen, don yana wucewa. Hadarinmu yawanci daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, yana tafiyar kimanin kilomita 50 a awa. In ɗan'uwanka a Dakoro ya ce musu hadari ya haɗu da la'asar, ka san yana iya iske ka kafin dare. Amma daren da ya biyo bayan ruwa, babu kamarsa duk shekara: ruwa ya wanke ƙura, taurari kamar ka miƙa hannu. Sai dai raɓa na kwanciya a gilashi. A naɗa masa kwali a baki kamar hula. Lokacin da ya fi daɗi gaba ɗaya shi ne kaka, Oktoba zuwa farkon Nuwamba: ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba. Mai koyon madubi ya fara a nan.

Akwai kuma masu taimako. Ma'aikatar hasashen yanayi ta ƙasa na ba da sanarwar hazo da ruwa, ga cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD duk a Yamai. Tauraron ɗan Adam na Meteosat, mai tsayin kusan kilomita 36,000, na aiko hoton gajimaren Afirka kowane minti 15 ko ƙasa da haka. Ƴan'uwa na waje masu intanet mai ƙarfi na iya dubawa su faɗa wa na gida. Wannan ma aike ne, kuma ba ya cin ko dala.

In sama ta rufe fa?

Kada a yi saurin naɗe tabarma. Gajimare na yagewa, kuma minti biyu sun isa. A tsaya har lokacin faɗuwar wata ya wuce. Sannan a rarrabu: gajimaren da ya rufe Madawa ba lalle ya rufe Tamaske ko Karofane ba. Ƙananan ƙungiyoyi goma a tuddai goma, kowace da waya, sun fi babban madubi ɗaya a wuri ɗaya.

In duk an yi ba a gani ba, ba a yi asara ba. Addini ya riga ya yanke: in sama ta rufe, a cika wata kwana 30. "Mun duba ba mu gani ba" ita ma shaida ce mai daraja. Wanda ya gani kuma, hanyarsa liman da mai gari, su kai gaba ga hukuma. A Nijar Majalisar Musulunci ta ƙasa ce ke tattara shaidu a sanar daga Yamai. A Najeriya Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ke sanarwa daga Sakkwato. Hukuncin wace shaida ake karɓa na malamai ne, ba na mai madubi ba.

A yi hattara da hotunan WhatsApp. Gefen jinjiri mai haske kullum rana yake fuskanta, rana kuma tana ƙasa, saboda haka a nan ƙahoninsa sama suke kallo, kamar ƙwarya a zaune ko ta ɗan karkata. In ka ga ƙahoni na kallon ƙasa, ko tauraro a cikin laujen, ko wata mai kauri cikin baƙin dare a ce na ranar 29 ne, to ba na yau ba ne. Wasu wayoyin zamani ma da kansu suke ƙara wa wata kwalliya. Kuma ko hoton gaskiya ba gani ba ne: ranar 8 ga Yulin 2013, Thierry Legault ya ɗauki hoton wata a Faransa daidai lokacin haihuwarsa, da rana, da na'ura ta musamman, alhali babu idon da zai iya ganinsa. Kafin ka tura hoto, ka tambayi wa ya ɗauka, a ina, ƙarfe nawa. Azumin mutane ne a hannunka.

Daren da ba a ga komai ba kuma, a zauna da yara a koya musu sunayen taurari, a rubuta a littafi: ranar kaza, hazo ko gajimare, an gani ko ba a gani ba. Bayan shekara biyu, littafin nan zai gaya muku tudun da ya fi da watan da ya fi.

Gargaɗi: rana ba abar wasa ba ce

Kada kowa, ko sau ɗaya, ya dubi rana da jumel ko teleskop. Gilashin da ke tara hasken tauraro shi ke tara zafin rana, yana ƙona cikin ido nan take, ba ciwo, ba magani. Ba a ɗaga madubi sai rana ta faɗi gaba ɗaya, ko da hazo ya sa ta yi fari kamar faifai. Kada a bar shi hannun yara da rana.

Manyanmu na tuna safiyar Laraba 29 ga Maris 2006, da husufin rana ya ratsa Gusau da Katsina ya shigo Nijar ya nufi hamada, a nan ma mafi yawan rana ta rufe. Wani na tafe ranar Litinin 2 ga Agustan 2027. Zai yi duhu sosai a Oran ta Aljeriya, Bengazi ta Libiya, Luksor ta Masar inda zai wuce minti 6, da Jidda da Makka. Mu nan wani sashe na rana ne zai rufe, da hantsi, in gajimaren Agusta ya bari. Baƙin tabarau, gilashi mai hayaƙi da ruwa a kwano duk ba sa karewa. Sai tabarau na husufi mai lambar ISO 12312-2. Wanda bai samu ba ya tsaya ƙarƙashin bedi, wato dogon yaro, ya dubi ƙasa: ɗigon hasken da ke ratsa ganye duk zai koma ƙananan lauje.

Kula da kaya

Ƙurarmu yashi ce. Wanda ya goge gilashi da bakin riga ko rawani, ya kankare shi ke nan. A hure ƙurar da ƴar robar hura iska tukuna, sannan a shafa da tsumma mai laushi da aka ware don haka. A mayar da murafu, a sa shi a leda, a sa cikin bokiti mai murfi, nesa da zafin kwano. A damƙa shi ga mutum ɗaya amintacce, liman ko malamin makaranta, kowa ya san inda yake.

A Senegal, Maram Kairé da abokansa masu sha'awar taurari sun kai har hukumar NASA ta Amurka ta yi aiki da su a 2018, a 2021 kuma aka sa wa wani dutsen sararin sama sunansa. Samanmu ba ta gaza tasu ba.

Saboda haka, ɗan'uwa da ke waje, in ka tashi aike: jumel 7x50 ko 10x50 mai ƙwari, ƙafa uku in da hali, da ƴar robar hura ƙura. Ragowar kuɗin a sayi hatsi. Mu na gida kuma mu nemi tudunmu tun yanzu, mu fara gwadawa a watannin da ba gardama, kafin Sha'aban ya zo. Allah Ya nuna mana da rai da lafiya, amin.